Sayen Ƙaramar Kyamara a Abuja: Abin Dubawa Kafin Kuɗi Su Bar Hannunka

Ƙaramar kyamarar nan da ake zurawa a aljihun kaftani ko cikin jakar hannu ta sake samun kasuwa, bayan an ɗauka waya ta riga ta binne ta. A 2010 manyan kamfanonin kyamara sun fitar da sama da guda miliyan 120 zuwa kasuwannin duniya. A 2023 abin da suka fitar bai kai miliyan 8 ba, kuma ƙananan na aljihu ne suka fi shan kashi. Casio ya daina ƙera su tun 2018, Samsung ma ya bar harkar. Sai ga matasa a TikTok da Instagram sun koma son hoton filasha irin na da, kowa na neman tsohuwar Canon ko Sony. Kaya sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, farashi ya tashi, jabu kuma suka samu ƙofa.

Don haka wanda ya shiga kasuwar kayan lantarki ta Banex da niyyar sayen kyamara yau, mafi yawan abin da za a ɗora masa a kan kanta na hannu ne, wanda 'yan kasuwa ke kira tokumbo, ko kuma sabuwa fil a kwali mai sunan da ba a taɓa ji ba. Ta hannu mai lafiya ta fi irin wannan sabuwar nesa ba kusa ba, amma sai ka san inda ake taɓa ta.

Fara da wayar da ke hannunka

Kafin ka tambayi farashi, buɗe hotunan wayarka na watanni uku da suka wuce, ka ware waɗanda suka ɓata maka rai. Su ne za su faɗa maka irin kyamarar da kake bukata, ko ma su nuna maka ba ka bukatarta. Gaskiyar magana, da rana tsaka a waje, waya mai matsakaicin kuɗi ta yanzu tana fin ƙaramar kyamara mai araha fitar da hoto mai kyau. Wanda ya sayi kyamara don hoton shagonsa da rana ko hoton abinci a kan tebur zai iya komawa gida ya ga bai ƙaru da komai ba.

Wurare huɗu ne kyamara ke yi wa waya fintinkau. Na farko nesa: ɗanka yana karɓar allo a wajen walimar sauka kana can layin baya, ko kana son Dutsen Zuma ya cika hoto daga bakin titi wajen Madalla. Na biyu dare: filashar kyamara tana tartsatsi ne mai ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido, tana tsayar da motsi, alhali ta waya 'yar fitila ce kawai, shi ya sa hoton kamu ko na dina yake fita tas a kyamara. Na uku, batirin wayarka da wurin ajiyarta sun huta. Na huɗu, za ka iya miƙa wa yaro ko ɗan aike ya yi ta ɗauka ba tare da ka ba shi saƙonninka da manhajar bankinka ba.

Idan nesa ce damuwarka, ka nemi mai doguwar zuƙowa. Idan hoton cikin ɗaki ne da na yamma, ka nemi mai babbar sansa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta. Da wuya kuɗi kaɗan su haɗa maka biyun, sai ka zaɓi ɗaya tun daga gida.

Lambobin da ke jikin kwali

Lambar da mai shago zai fara faɗa maka ita ce megafiksel, wato adadin miliyoyin ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Hoton da ake wankewa a sutudiyo mai inci 4 da 6 bai bukatar abin da ya kai megafiksel 3. Wanda zai cika takardar A4 da kyau yana bukatar kusan 9. Wanda za a tura ta WhatsApp kuwa, manhajar ce da kanta za ta matse shi. Duk abin da ya kai 12 ya wadatar da hoton yau da kullum, kuma tsakanin 16 da 20 idonka ba zai ga bambanci ba.

Abin da ke yin hoto shi ne sansa, ɗan farantin da ke bayan gilashi yana karɓar haske. Kamar tagar ɗaki take: mai faɗi ta fi shigo da haske, ko da kuwa an raba ƙaramar gida-gida da sanduna masu yawa. Yawancin masu araha suna da sansar da ake rubutawa 1/2.3, wadda faɗinta milimita 6 da ɗoriya ne, tsawonta 4 da rabi. Masu ɗan tsada suna da wadda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, wato ta ninka waccan kusan sau huɗu a fili. Da rana ba za ka damu da wannan ba. Bayan magariba, a falo mai kwan fitila ɗaya, ƙaramar sansa takan cika hoto da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, fuskoki su yi laushi babu kaifi.

Sai zuƙowa. Iri biyu ce, ɗaya ta gaske, ɗaya ta yaudara. Ta gaske ita ce wadda aka rubuta Optical Zoom: gilasai ne ke motsi a cikin idon kyamarar, za ka ga hancinta yana fitowa yana komawa. Wadda aka rubuta Digital Zoom yanke tsakiyar hoton kawai take yi ta hura shi, abin da wayarka ma ke yi. Kada ka biya ko sisi saboda ita. Ka kuma duba lambobin milimita da ke tare da ita, misali 28–224. Ta farkon tana faɗa maka faɗin abin da za ta ɗauka: 24 zuwa 28 zai ɗebe dangi gaba ɗaya a ƙaramin falo, amma tsofaffin da suka fara daga 35 ko 38 za su sa ka ja baya har ka jingina da bango. Ta biyun ita ce nisan da za ta zuƙo. Zuƙowa 5, wato ninki biyar, ta isa hoton gida, 8 zuwa 12 ta isa taro da filin makaranta, 25 zuwa 40 sai mai son tsuntsaye a Tafkin Jabi.

A bakin gilashin za ka ga wani rubutu kamar 1:3.2–6.9 ko 1:1.8–4.9. Faɗin ƙofar haske ke nan, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce babba: mai 1.8 tana shigo da haske kusan ninki uku na mai 3.2. Lamba ta biyu tana nuna yadda ƙofar ke tsukewa idan ka zuƙo har ƙarshe. Shi ya sa zuƙowa da dare ke ba da hoto mai duhu ko mai rawa, ba wai kyamarar ta lalace ba.

Abu na ƙarshe shi ne mai hana rawar hannu. Canon na kiransa IS, Nikon VR, Panasonic OIS, Sony kuma Optical SteadyShot. Na gaske gilashi ne ke gyara kansa a ciki. Akwai na lantarki zalla wanda bai taka kara ya karya ba. Duk kyamarar da zuƙowarta ta wuce 5, kada ka yarda da ita sai da na gasken, in ba haka ba rabin hotunanka na nesa za su fito da inuwa biyu.

Samfuran da ya kamata ka riƙe sunayensu

A matakin ƙasa akwai Sony W800 da W830, duka na 2014, masu megafiksel 20. W800 tana da zuƙowa 5 da mai hana rawa na lantarki. W830 tana da zuƙowa 8 da na gaske, don haka idan bambancin kuɗinsu kaɗan ne, ɗauki ta biyun. Haka abin yake tsakanin Canon IXUS 185 da IXUS 190: lambobinsu kusa suke da juna, amma 190 tana da zuƙowa 10, da IS na gaske, da Wi-Fi, 185 kuwa ba ta da biyun ƙarshe. IXUS 285 HS ta fi su duka, zuƙowa 12 da sansa irin CMOS wadda ta fi jure ƙarancin haske. Kayan da suka fito daga Amurka za ka ga an rubuta musu PowerShot ELPH maimakon IXUS, gida ɗaya ne. Mai son bidiyo ya sani W800 da IXUS 185 a ƙaramin matakin kaifin bidiyo na 720 suka tsaya.

Wanda ya nace sai sabuwa a kwali, Kodak PixPro FZ45 da FZ55 na cikin 'yan kaɗan da har yanzu ake ƙerawa a farashin talaka. Dukansu megafiksel 16 ne. FZ45 tana cin batirin AA biyu, FZ55 tana da nata na caji. Hotonsu da rana ba laifi, da dare sai da filasha.

Masu neman nesa su tambayi Canon SX620 HS mai zuƙowa 25, ko SX740 HS mai 40, ko jerin Panasonic Lumix TZ irin su TZ80 da TZ90 masu 30. Duk suna shiga aljihu, duk kuma ƙaramar sansa gare su.

A ra'ayinmu, idan aljihu zai iya, Sony RX100 ta farko wadda ta fito a 2012 ita ce ta fi cancantar a ƙara mata kuɗi. Sansarta inci ɗaya ce, ƙofar haskenta 1.8, ana cajinta ta USB, kuma hotonta na cikin ɗaki har yau ba ya jin kunyar kowa. Ba ta da Wi-Fi, zuƙowarta kuma gajeriya ce, 28 zuwa 100. Canon G7 X Mark II da Mark III suna ajinta, sai dai su ne yayi ya fi hawa kansu, kuɗinsu ya wuce abin da za a kira araha.

Sai waɗanda za ka guje wa. Kwali mai walƙiya, an rubuta 4K da 48MP ko 64MP da manyan baƙaƙe, zuƙowa 16 ta Digital, babu sunan kamfanin da ka sani. Kunna ta ka gani: idonta ba ya motsi ko kaɗan, don ƙaramar sansa ce irin ta tsohuwar waya aka sa a ciki, manhaja ke hura hoton ya kai waccan lambar. Kyan ɗan maciji ne. Tsohuwar Canon mai megafiksel 12 ta fi ta.

Inda za ka nema da yadda za ka raba kuɗin

A Abuja, Banex da Emab da ke Wuse II nan ne matattarar kayan lantarki, ana kuma samu jefi-jefi a Kasuwar Wuse. Farashi yana bin dala, saboda haka daren da za ka fita ka buɗe Jiji, Jumia da Konga ka ga abin da ake sa wa samfurin da ka zaɓa, ka rubuta mafi ƙasa da mafi sama. A kasuwa ka taya a shago uku kafin ka zauna a ɗaya. Masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa su kai ka, ladansu a cikin kuɗinka zai fito.

Idan ta Jiji ce, kada ka tura kuɗin kafin alƙalami ko na mota. Ku haɗu da rana a wuri mai jama'a, ka gwada, sannan ka biya. Wanda ya ce yana Legas sai ka tura rabi ya saka a mota, bar shi da kayansa.

Kada ka kashe duk abin da ka tanada a kan kyamarar kanta. Ware kusan kashi ɗaya cikin biyar don memori, batir na biyu, ƙaramar jaka, da abin karanta memori da ake soka wa waya. Ka sayi memorin da abin karantawar tun kafin ranar, domin da su za ka yi gwaji.

Gwajin cikin shago

Nan ne ake cin riba ko a tafka asara, kuma minti goma sha biyar ya isa. Ka faɗa wa mai shago tun farko: "Maigida, zan saka memorina in ɗauki hoto a nan da waje, in ta yi mini mu daidaita." Wanda ya ƙi, ka yi masa sallama.

Fara da jiki, kyamarar tana kashe. Ƙarce a bayanta ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne lotsawa a kusurwa ko a zoben da ke kewaye da ido, alamar ta taɓa faɗuwa. Duba kan sukurori: idan sun cinye ko ɗaya ya bambanta da sauran, an taɓa buɗe ta. Buɗe murfin batir ka leƙa. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarafunan ciki yana nufin batir ya taɓa zubewa, abin da ya fi yawa a masu cin AA. Murfin kansa ya rufe da ƙara, kada ya zama sai an danne shi da yatsa.

Ciro batirin ka ɗora a kan gilashin kanta. Lafiyayye zai kwanta lif. Wanda ya kumbura zai yi lilo ko ya juya idan ka taɓa gefensa, kuma yakan maƙale wajen fitowa. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin ragi ne, amma kada ka yi cajinsa.

Yanzu kunna ta ka kashe sau biyar a jere, kana sauraro. Idon ya fito sumul ya koma sumul, ƙananan ganyayen da ke rufe gilashin su buɗe duka su rufe duka. Ƙarar gurzawa, tsayawa a rabi, ko rubutun Lens error ko da sau ɗaya ne, to ka ajiye ta. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe ƙananan kyamarori: haƙoran robar da ke tura idon sun ci yashi ko sun karye, gyaransu kuma sau da yawa yakan kusan kai kuɗin wata. Mai shago zai ce batir ne ya yi sanyi. Wani lokaci gaskiya ne, sai ka ce a kawo cikakke a sake gwadawa a gabanka.

Haska fitilar wayarka cikin gilashin daga gefe. 'Yar ƙura ɗaya biyu ba ta fitowa a hoto. Abin da kake nema shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, ko hazo fari daga ciki. Wannan fumfuna ce da danshi ke haifarwa, tana yaɗuwa, tana cin fatar gilashin, hoto ya riƙa fita kamar an ɗauka cikin hayaƙi.

Sai hotunan gwaji, kowanne da abin da yake tonawa. Ɗauki farar takarda ko sararin sama, ka zuƙo har ƙarshe. Idan ka ga tabo mai duhu a wuri ɗaya a hoto biyu daban-daban, ƙura ce a kan sansa, kuma a irin waɗannan kyamarori ba a goge ta sai an kwance su. Kashe filasha, rufe idon da tafin hannu, ka ɗauka: hoton ya fito baƙi ƙirin. Ɗigo ja ko shuɗi ɗaya ana iya haƙuri da shi, layi mai ratsa hoton ba a haƙuri da shi. Ɗauki jarida ko allon talla kai tsaye daga gaba, ka buɗe kusurwoyi huɗu ka kwatanta. Idan gefe ɗaya ya fi ɗayan dushewa sosai, gilasan ciki sun goce sakamakon faɗuwa.

Daga nan fita waje cikin rana, ko da yaron shago zai biyo ka. Akwai lalurar da ba ta bayyana a cikin inuwar shago: idan ƙyauren da ke rufe haske ya maƙale, hoton rana zai fito fari fat ko da layuka a kwance. Amma kada ka ruɗe da wani abu daban. Tsofaffi masu sansa irin CCD sukan nuna dogon layi a tsaye a kan allo idan ka fuskanci kwan fitila ko rana. Halinsu ne, ba ya shiga hoton da aka ɗauka. Duba hoton, ba allon ba.

Koma ciki ka harba filasha sau uku. Ta tashi kowane karo, ta sake shiri cikin 'yan daƙiƙu. Ɗauki bidiyon rabin minti kana magana, ka saurara. Danna kowane maɓalli, juya kowace ƙafa. Shiga jerin saiti ka tabbatar akwai Turanci, domin Sony da Panasonic da aka yi don kasuwar cikin Japan sukan zo da Japananci kaɗai, babu inda za ka canza. A ƙarshe zare memorin ka soka a wayarka, ka buɗe hotunan da girmansu. Ƙaramin allon kyamara yana ɓoye aibi, komai kyau yake yi a kansa.

Idan ta tsallake, a yi ciniki. Rasit ya ɗauki sunan samfuri, lambar da ke ƙasan kyamarar, abubuwan da aka haɗa maka, da kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita. Garantin baki ba ya aiki ranar rigima. Idan sabuwa ce, lambar jikinta ta dace da ta kwali. Rasit ɗin nan shi ne abin da za ka riƙe idan magana ta kai gaban shugabannin kasuwa ko hukumar kare masu sayayya ta FCCPC.

Batir da memori

Kowace kyamara da batirinta, ka rubuta lambarsa a waya: NB-11L ko NB-11LH na IXUS ɗin da muka ambata, NP-BN na W800 da W830, NP-BX1 na RX100, NB-13L na G7 X da SX620 da SX740. Tambayi ko ana samunsa a kasuwar kafin ka biya, don kyamarar da babu batirinta ado ce kawai. Masu arahar nan hoto wajen 200 suke ɗauka a caji ɗaya idan batirin sabo ne, RX100 kuma wajen 330. Filasha da yawan kallon allo suna rage wannan, don haka ranar biki batir ɗaya ba ya kaiwa. Wadda ake caji ta USB tana da daɗi inda wuta ba ta da tabbas, fawa banki ya ishe ta. Mai caja daban, ka duba an rubuta 100–240V a jikinta.

Masu cin AA ba sa shiri da batirin tocila mai araha. Zai kunna ta, ka ɗauki hoto kaɗan ta mutu, ka zaci ta lalace. Sayi na caji irin NiMH guda huɗu da cajarsu, biyu a ciki biyu a aljihu.

Memori kuwa shekarun kyamara ne ke yanke hukunci. SD zalla ya tsaya a gig 2, SDHC daga 4 zuwa 32, SDXC daga 64 zuwa sama. Kyamarar da ta girmi 2010 galibi ba ta karanta SDXC, wadda ta girmi 2006 ko SDHC ba ta sani ba. Tsofaffin Sony suna cin Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm suna cin xD, duka biyun wahalar samu gare su yanzu. Ga samfuran da ke sama, gig 32 mai alamar Class 10 ya isa, zai ɗauki hoto dubu huɗu ko fiye. Gara biyu masu 32 da ɗaya mai 128, saboda in ɗaya ya mutu ba duka ka rasa ba.

Jabun memori ya fi jabun kyamara yawa. An rubuta 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64, alhali cikinsa 8 ne. Zai yi aiki lafiya har ya cika ainihin cikinsa, daga nan hotuna su fara ƙin buɗewa. Gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Bayan haka ka saka a kyamara ka yi masa Format, wato ka goge shi tas ka shirya shi, daga cikinta, ba daga waya ba.

Saitin ranar farko

Gyara kwanan wata da lokaci. Idan kullum ka canza batir sai ta sake tambayarka, ƙaramin batirin agogonta ne ya raunana, bar cikakken batir a ciki kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa yakan farfaɗo. Sa girman hoto a mafi girma, kashe Digital Zoom gaba ɗaya, idan kuma akwai zaɓin tsarin bidiyo na PAL da NTSC ka ɗauki PAL, shi ya dace da wutarmu mai 50Hz.

Fita daga Auto ka koma P, yanayin da ke ba ka damar canza wasu saiti da kanka. A nan za ka iya hana ISO, wato ma'aunin yadda sansa ke ƙara hasken hoto, wuce 400 ko 800 a ƙaramar sansa, don kada hoto ya cika da ɗige-ɗige. Akwai kuma maɓalli mai alamar +/- wanda ya fi kowanne amfani a wajenmu. Mutum mai duhun fata sanye da farar shadda a rana yana rikita kyamara: farin kayan take gani, ta rage haske, fuskar ta nutse. Ƙara +0.3 ko +0.7, ko ka tilasta filasha ta tashi ko da rana ce, musamman in hasken yana bayansa. Filashar ba ta wuce kamar mita uku, daga bayan zauren taro ba abin da za ta haska sai ƙeyar na gabanka. Wajen ɗauka, danna maɓallin rabi, jira ta yi ƙara ko akwatin ya zama kore, sannan ka ƙarasa. Yawancin hotunan da suka dushe daga dannawa lokaci guda suke. Idan za ka tura wa mai wanki ta WhatsApp, tura a matsayin fayil don kada a matse shi.

A nan Abuja ka kula da inda kake nuna ta. Barikin soja, shingen jami'an tsaro, da kewayen fadar shugaban ƙasa ba wuraren gwada zuƙowa ba ne, kyamara kuma ta fi waya jan ido.

Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Kada ka zura ta tsirara a aljihu, ka sa ta a jakarta mai zif, kada kuma ka kunna ta cikin iska mai ƙura, don idon yana zuƙar iska duk sanda ya fito ya koma. Hure gilashin da 'yar robar hura iska kafin ka goge da ƙyallen tabarau. Gefen riga yana ɗauke da yashin da zai ƙarce shi. A zafin Maris da Afrilu kada ta yini a cikin mota a rufe, batir ne zai kumbura. Da damina ka ajiye ta a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika irin na kwalin takalmi, ka riƙa fito da ita tana shan iska. Idan ka fito daga sanyin AC zuwa waje mai danshi gilashin ya yi gumi, bar ta a jaka minti goma sha biyar kafin ka kunna. Za ta yi wata ba a taɓa ba? Cire batirin, na lithiyam ka bar shi da rabin caji.

Idan ta faɗa ruwa, cire batir da memori nan take, kada ka kunna don ka ga ko tana aiki, kunnawar ce ke ƙona ta. Kada kuma ka kwance ta da kanka: abin da ke tara wutar filasha yana riƙe da kusan bolt 300 ko bayan an cire batir. Kai wa mai gyara, ka nemi ya faɗi kuɗin aiki kafin ya taɓa sukuru, in ya haura rabin abin da ka saye ta, ka karɓi abarka ka ajiye batirin da cajar don wadda za ka saya mai irin lambarsu.